Sai Da Yatsan Mai Waya

"Ba zan wanke ta ba, Malam."

Injiniya ta faɗi haka ba tare da ta ɗago kai ba. Ɗan siririn sukundireba na tsakanin yatsunta, fitilar tebur na haska mata cikin wata waya da ta buɗe, ƙananan sukurori na jere a kan farin ƙyalle kamar tururuwa.

Malamin Lissafi na tsaye a bakin kantar shagon, ƙurar alli har yanzu a hannun rigarsa. Daga aji ya taho, ko ruwa bai tsaya ya sha ba. Shekara biyu ke nan yana zuwa wannan ɗan shago da ke tsakiyar layin masu gyaran waya, tun ranar da ya kawo tasa da fasasshen gilashi, ya tarar mace ce riƙe da kayan aiki, ya saki baki yana kallo har ta tambaye shi ko wayar ce ta daskare ko shi. A shekara biyun nan bai taɓa zuwa da fuska irin ta yau ba.

Ya sassauta murya. "Rabin raina, aikin nan minti nawa ne?"

"Bai kai ashirin ba."

"To minti ashirin za ki ɗora a kan aurenmu?"

Sai a lokacin ta ajiye sukundireban.

Wayar da ake rigima a kanta na cikin aljihun tebur, baƙa, ta sha jiki, kusurwarta ɗaya a fashe. Ta Yaya Babba ce, yayar Malam, wadda keken ɗinkinta ya kai shi makaranta har ya zama malami. Tun da mahaifiyarsu ta rasu shekara uku da suka wuce, ita ce uwa ita ce uba, abin da ta ce shi ake yi. Kuma tun farko ba ta ƙaunar wannan aure. Ta ce macen da ke wuni cikin maza talatin, tana buɗe wayoyin mutane tana sanin sirrin kowane gida, ba irin wadda ake shigowa da ita dangi ba ce. Wata takwas Malam ya yi yana lallashi kafin ta yarda kawunnansu su je wajen baban yarinyar ranar Asabar. Yau Litinin.

Da safen nan ne 'Yar Kwalisa ta kawo wayar. Ƙanwar mijin Yaya Babba ce, a gidan take zaune, kuma ba wanda bai san ta daɗe da shimfiɗa wa Malam tabarma a zuciyarta ba, shi ne dai bai taɓa zama ba. Ta shigo layin ƙamshin turarenta na gaba tana biye, ta ajiye wayar a kan kanta da yatsa biyu. Ta ce kwana uku ke nan wayar ta ƙame, ba ta gaba ba ta baya, Yaya ta ce a wanke ta tas, babu abin amfani a ciki.

Wankewa a bakin masu gyara ita ce a mayar da waya kamar ranar da ta fito daga kwali. Hoto, saƙo, lamba, komai ya tafi, kuma ba ya dawowa. Injiniya ta nuna mata ɗan kwalin da ke manne a bango, wanda ta rubuta da hannunta: ba a wanke waya sai mai ita na tsaye. Ta gaya mata cikin ladabi cewa maɓallin ƙarshe ba ita ke danna shi ba, mai waya ke dannawa da yatsansa. In Yaya ba za ta iya fitowa ba, ita za ta rufe shago ta je har gida.

'Yar Kwalisa ta yi murmushi ta tafi. A hanya rabin maganar na ƙarshe ya faɗi daga jakarta. Abin da ya isa gida shi ne wai yarinyar ta ce in Yaya na son wayarta, ta tako da ƙafarta ta bi layi kamar kowa. Yaya Babba ta ture keken ɗinki ta ce zancen Asabar ya mutu, sai an gyara wayar an kawo mata har ɗaki da ban haƙuri.

Injiniya ta ce, "Ba maganar minti ba ce, Malam. Maganar yatsa ce. Ba nawa ba, ba naka ba."

Ya ce ai shi ƙanin Yaya ne, ciki ɗaya, shi zai danna. Ta tambaye shi ko wayarsa ce. Ya ce a'a. Ta tambaye shi ko ya san abin da ke ciki. Ya ce hotunan ɗinki ne da gaisuwar safiya ta ƙungiyoyin mata, me kuma zai kasance a wayar Yaya? Ta ce to bai sani ba ke nan. Ta ƙara da cewa ta yi tayin zuwa gidan, ya ce yanzu kuma Yaya ta rantse ba za ta buɗe mata ƙofa ba sai da gyararriyar waya a hannu.

Jijiyar goshinsa ta tashi.

"An sha gaya min kina da girman kai. Ni ne nake musu."

Maganar ta shige ta kamar allura. Ta buɗe aljihun tebur, ta ɗauko wayar, ta ajiye a gabansa a hankali, yadda take ajiye ta kowa.

"Ga ta nan. Shago talatin ne a layin nan."

Ya ɗauka ya juya. Ba ta kira shi ba. Ta koma kan aikinta, sai dai sukurin da ta ɗauka sau uku yana kuɓuce mata.

Tsohon da ke shagon jikin nata, Mai Caji, ya ji komai, don bangon da ke tsakaninsu katako ne kuma kunnensa ya fi idonsa lafiya. Shi ya fara ba ta inuwa a layin nan lokacin da ta zo da tebur ɗaya da kujerar roba, maza na leƙe suna dariya. Ya zura takalmi ya bi ta bayan shaguna.

Shago na farko da Malam ya shiga, mai gyaran ya juya wayar ya tambaye shi daga ina. Da ya ji daga hannun Injiniya ta fito, ya miƙa masa abarsa ya ce kwamfutarsa ce ta lalace, alhali ga ta nan tana ci. Na biyu ya ce yana da ciwon kai. Na uku, wani ƙato da ake kira Dogo, bai ma wahalar da kansa da ƙarya ba. Ya ce abin da Injiniya ta ƙi taɓawa, shi bai isa ya sa masa hannu ba, don ita ta ciro masa hotunan ɗansa daga wayar da ta kwana a ruwa. Har ƙarshen layi Malam ya kai, babu wanda ya karɓa. Ya fita daga kasuwa da wayar kamar yadda ya shigo da ita, sai ƙarin gumi.

Mai Caji ya dawo yana haki, ya leƙo ta saman katako.

"'Yata, surukin namu ya zaga gari. Lissafinsa bai fita ba."

Ta so ta yi dariya, ba ta fito ba.

Da yamma ta tarar da Baba a tsakar gida, a kan kujerarsa, da tsohuwar rediyo a cinya. Shekara arba'in ya yi yana gyaran rediyo kafin ido ya gaza, har yanzu yatsunsa ba su yarda sun yi ritaya ba. Daga yadda ta ajiye jaka ya gane akwai magana. Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa ta zayyana masa komai.

Su biyun sun san daga ina dokar ta fito, ko da yake ba su taɓa zama sun yi zancenta ba. Tana shekara goma sha takwas, wata biyu da fara koyon gyara, hannunta na ƙaiƙayi. Wayar Baba na yawan daskarewa, yana ta fama da ita. Wata rana ya bar ta a kan taga ya fita, ita kuma ta ce bari ta ba shi mamaki. Ta wanke ta tas. Da ya dawo ta miƙa masa tana washe baki. Ya daɗe yana dannawa, yana neman wani abu. Saƙonnin muryar mahaifiyarta ne, waɗanda ta riƙa turo masa daga gadon asibiti a watanninta na ƙarshe. Ba ta san yana da su ba. Babu su a ko'ina kuma. Bai daka mata tsawa ba, bai ko ɓata fuska ba. Ya sa wayar a aljihu ya ce, "Kai, ta yi sauri yanzu." Da ya mare ta da ya fi mata sauƙi. Yau shekara takwas, in ta rufe ido tana ganin fuskar uwarta, amma muryar ta ɓace mata.

Baba ya gama saurare, ya juya maɓallin rediyon da ba ta da batir.

"Kina son yaron nan?"

"Ina son shi, Baba."

"In kin janye kin wanke musu, ba zan ce miki komai ba. In kuma kin tsaya..." ya lalubo kanta ya dafa, "to duk wanda ya tambaya, ki ce ni na haife ki."

Talata ta wuce, Laraba ta wuce. Malam bai kira ba, ita ma ba ta kira ba. Sau ashirin tana ɗauko wayarta ta duba, har ta fara zargin ko tata ce ta daskare. Ta kashe ta ta kunna. Lafiyarta ƙalau.

Ranar Alhamis da hantsi layin ya yi tsit, irin shirun da kasuwa ke yi in baƙo mai nauyi ya shigo. Yaya Babba ce, doguwa, da mayafi mai tsada da tabarau, tana tafe kamar ƙasar ba ta cancanci takalminta ba. 'Yar Kwalisa na gefenta, ta ci ado don kallon da ta zo yi. Malam na baya, kai a ƙasa. Kwana shida matan da ke kawo ɗinki suna neman Yaya ba sa samu, awon mutane da yawa na cikin wayar, dole ce ta fito da ita.

Injiniya ta miƙe, ta rusuna ta gaishe ta, ta jawo kujerarta ta kanta ta goge ta ajiye mata. Yaya ba ta zauna ba. Ta ajiye wayar a kan kanta.

"Ga ni. Na tako da ƙafata. Ina layin da zan bi?"

"Babu layi, Yaya. Tambaya uku ce kawai, kowa ina yi masa."

"Tambaye ni, alƙaliya."

Ta tambaye ta ko tana riƙe da adireshin imel ɗin da aka buɗe wayar da shi da lambar sirrinsa, don bayan wankewa wayar za ta nema, in babu sai ta kulle kanta. Yaya ta ce suna rubuce a bangon littafin awo, ita ba ta wasa da kayanta. Ta tambaye ta ko ta san in aka wanke waya komai na ciki zai tafi. Yaya ta ɗan ɗaga gira. Ta ce ita ta ɗauka kamar wankin kaya ne, datti ya fita, riga ta zauna.

"A'a, Yaya. Har rigar ke tafiya."

Yaya ta cire tabarau.

Injiniya ta rage murya yadda na waje ba za su ji ba.

"Ta uku. Akwai wani abu a ciki na wanda ba zai iya sake turo miki ba?"

Hannun Yaya Babba ya lalubi bayan kujerar da ta ƙi, ta zauna. Fuskar nan da ta shigo da ita ta zube. Malam ya matso yana tambayar ko lafiya, ba ta ko dube shi ba.

"Mama..." ta ce. "Muryar Mama na ciki."

Saƙo arba'in da ɗaya ne, daga baya ta faɗi adadin ba tare da ta duba ba. Shekara uku, kowace safiya kafin ta hau keke, sai ta rufe ƙofa ta saurari ɗaya. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba, har ƙaninta, don ita ce babba, kuma a ganinta babba ba ya bari a ga inda yake ciwo. Malam ya tsaya kamar an dasa shi. Shi wayarsa ta wancan lokacin an sace ta tun kafin a yi wata da rasuwar, ya daɗe da haƙura.

Yaya ta juya a hankali ta dubi 'Yar Kwalisa.

"Me na ce ki faɗa mata?"

'Yar Kwalisa ta gyara mayafi ta ce ai gyara da wankewa duk ɗaya ne, ita ina ta san yaren 'yan kasuwa.

"Wayarki ta uku ke nan a hannunki, kin sani sarai. Kuma ke kike kawo min shayi da safe, ki tsaya a bakin ƙofa har in gama saurare. Kin san abin da ke ciki."

Yanzu lissafin ya fito fili, har wanda ba malami ba zai iya yin sa. Da Injiniya ta wanke, ta zama wadda ta shafe muryar uwar miji, har abada ba ta da wurin zama a gidan. Da ta ƙi, ta zama marar kunya. Ta ko'ina aka biyo, 'Yar Kwalisa ta ci. Abin da ba ta saka a lissafi ba shi ne Yaya za ta tako ɗin da gaske. Yaya ba ta ɗaga murya ba, ta ce mata ta je gida ta jira ta, za su yi magana a gaban yayanta. 'Yar Kwalisa ta fita, layin ya raka ta da ido, Mai Caji ya bi ta da tayin caja mai rahusa.

Yaya ta juyo wajen Injiniya. "Za su fito?"

"Ban yi miki alkawari ba, Yaya. Amma ba zan taɓa komai ba sai kin gani."

Ta fara jona wayar a caji, ta ce ba a fara irin wannan aiki da batir mai yunwa, in ta mutu a tsakiya an shiga uku. Da cajin ya haura rabi, ta cire sim ta miƙa wa Yaya ta riƙe. Ta danne maɓallin kunnawa da na rage sauti tare, tana ƙirgawa a hankali. A goma sha biyu fuskar wayar ta yi baƙi, ta yi ɗan motsi, ta farka. Ta yi minti ɗaya tana aiki, ta sake ƙamewa. Yaya ta kama gefen kujera.

Injiniya ba ta girgiza ba. Ta sake kashe ta, wannan karon ta tashe ta ta hanyar da waya ke farkawa da kayanta na asali kawai, duk manhajojin da aka loda mata daga baya suna barci. Wayar ta tsaya da ƙafarta. Sai Injiniya ta juya fuskar wayar wajen Yaya, ita ta koma bayanta, tana faɗin inda za a danna ba tare da ta kalla ba. Yaya ta lura da wannan.

Ciwon bai ɓuya ba. Memorin ya cika maƙil, ko numfashi babu wuri: bidiyon gaisuwar safiya kusan dubu biyu, da wasu manhajoji uku masu alkawarin ƙara wa waya sauri, su ne kuma suka shaƙe ta. Yaya ta ce wata mai kawo ɗinki ce ta saka mata. Injiniya ta ce da kyakkyawar niyya aka fi kashe waya a garin nan. Aka cire su, aka rage bidiyon, wayar ta samu sarari.

Sannan ta ɗauko sabon katin memori ta ɓare shi a gaban Yaya, ta jona wayar da kwamfuta, ta nuna mata yadda za ta zaɓi saƙonnin da kanta. Suka kwafe su a kati, suka kwafe a ma'ajiyar imel ɗin Yaya, suka tura wa Malam. Wuri uku. Ta ce abin da ke wuri ɗaya, a wajenta daidai yake da wanda babu. Aka bi da lambobi da hotunan awo.

"Yanzu sai ki kunna ɗaya daga katin, mu tabbata ya kwafu da kyau."

Ta faɗi haka, ta zare igiyar cajin da ta harɗe mata hannu, ta fita daga shagon. Ta ja ƙofar gilashi ta rufe, ta tsallaka wajen Mai Caji, ta ce masa ya ƙara sautin rediyonsa. Ta tsaya ta ba wa shagonta baya. Ba ta ji ko kalma ɗaya ba. Abin mutane ne.

An fi minti goma kafin ƙofar ta buɗe. Malam ne, idanunsa jajur, bai ma damu ya goge ba. Ya zo ya tsaya a gabanta, babban mutum mai koyar da ajin yara sittin, ya rasa ta inda zai fara.

"Da hannuna na yi yawo da ita shago shago ina roƙon a shafe uwata..."

Ta ɗago ta dube shi, ya ci gaba.

"Na ce miki mai girman kai. Ki yafe min, hasken idona."

"Ina da shi ai," ta ce. "Ba ka yi ƙarya ba. Sai dai ba a inda ka zata yake ba."

Mai Caji ya ce in ba ta yafe ba shi yana da jika mai hankali. Malam ya harare shi, ita kuwa dariyar da ta maƙale tun Litinin ta kuɓuce mata, da hawaye a ciki.

Da suka koma, Yaya ta mayar da tabarau, ta daidaita zama. Injiniya ta gaya mata gaskiya: wayar ta tashi, amma manhajojin nan sun bar ɓarna a ciki, in ba a wanke ba bayan sati biyu za ta koma gidan jiya. Yanzu da komai ke ajiye, wankewar ba ta da haɗari. Ta bi da ita mataki mataki har inda wayar ta yi tambayar ƙarshe, ko an tabbata a share komai. Ta ɗora ta a kan kanta, ta janye hannuwanta ta haɗa su a baya.

Yaya ta daɗe tana kallon maɓallin.

"Ni ma," ta ce, "ba na sa almakashi a yadin mutum da saƙon ɗan aike. Shekara talatin, ban taɓa ba." Ta ɗago. "Wa ya koya miki tambaya ta ukun nan?"

"Na taɓa danna wa wani, Yaya. Babana ne. Muryar mahaifiyata ce a ciki."

"Kin samo ta?"

"A'a."

Malam ya dube ta, shekara biyu bai taɓa jin wannan ba. Yaya ta sa yatsa ta danna.

Kafin azahar wayar ta dawo kamar sabuwa, lambobi da awo da saƙo arba'in da ɗaya duk a mazauninsu. Yaya ta miƙe, ta naɗe katin memorin a bakin mayafinta ta ƙulle. A bakin ƙofa ta tsaya, ta dubi mazan layin da suka yi kamar suna aiki, ta yi magana yadda har Dogo da ke can ƙarshe zai ji.

"Ki gaya wa Baba ranar Asabar kawunnanmu na tafe. Ni ma ina biye da su, in ga mutumin da ya yi wannan tarbiyya."

Da Injiniya ta kai wa Baba saƙon, ya ajiye rediyonsa. Ya sa aka ɗauko masa babbar rigarsa tun ranar Alhamis ɗin, ya rataye ta inda zai riƙa shafa ta in ya wuce.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Yaya Babba ce ta ɗinka kayan amarya da hannunta, sau uku tana kiran ta awo, ta ce ba ta yarda da awon da aka aiko ba. Maganar barin shago kuwa, wani kawu ya ɗauko ta, Yaya ta ce in an rufe shagon shi zai riƙa gyara wa dangi waya? Bai ƙara ba. 'Yar Kwalisa ta koma wajen iyayenta tun kafin bikin.

Kwana huɗu da tarewa, da safe, Malam ya tafi makaranta, Injiniya na haɗa jakar aiki, sai ga sallamar Yaya. Ta shigo ta zauna a bakin gado, ta dafa wurin da ke kusa da ita.

"Ranar nan kin fita kin ba mu wuri. Lokacin ke baƙuwa ce. Zo ki zauna."

Ta zauna. Yaya ta ciro baƙar wayar nan mai fasasshiyar kusurwa, ta gangara har saƙo na ƙarshe, ta danna.

Muryar tsohuwa ce, a gajiye, amma da sauran faɗa a cikinta. Ta tambayi ko an kwashe shanyar da ke igiya. Ta ce maganin nan na safe ɗaci gare shi, a gaya wa likita ita ba yarinya ba ce. Ta yi tari, ta huta. Sannan ta ce, "Ki ce wa wancan mai lissafin ya daina karatu a duhu. Kuma duk ranar da ya samo wadda za ta iya da taurin kansa... ki gaishe min da ita."

Saƙon ya ƙare.

Yaya ta kife wayar a cinyarta.

"Shekara uku ina riƙe da gaisuwar nan. Na san ba kya aiki da saƙon ɗan aike, shi ya sa na kawo miki mai saƙon da kanta."

Injiniya ta kasa ganin komai sosai. Ta sa hannu biyu ta karɓi wayar, yadda ba ta taɓa karɓar ta kowa ba, ta sunkuyar da kai.

"Ina amsawa, Mama," ta ce.